Bakin Majema

A Birni aka yanke mini cibi,
bayan duwatsu, inda wari ke riga sallama isa kunnen baƙo.
Kalmomina na fari a kwatarniya na tsamo su:
bagaruwa, toka, ƙirgi, kashin tantabara.
Babana ba ya jan zance.
"Kai, miƙo. Murza. Ja can."
Duk maganarsa ba ta wuce tsawon wuƙar karta ba.

Ranar da aka kai ni lakwal
na tarar Mutari ɗan likita ya riga ni da shekara shida,
ko da yake rana ɗaya aka rubuta mu.
A gidansu da Faransanci ake kiran yaro cin tuwo,
in ya yi tambaya a ba shi amsa.
A gidanmu in ka yi tambaya a ba ka aiki.

Mushe Galadi ya kafa hoto a allo, ya ce mene ne wannan?
Akuya ce ja, na san ta ciki da bai.
Na ce, "Fatarta za ta yi kuɗi, ba ta da tabo."
Aji ya fashe.
Aka rataya mini ƙashi a wuya don na yi Hausa,
na kai shi har gida ina jin nauyinsa a harshe.

Daga nan na shiga jeme bakina.
Na jiƙa shi, na karce, na shanya,
har gashin unguwarmu ya zube daga jikinsa.
Yau ina da tebur da hatimi,
masu jira a ƙofa da mushe suke kirana.

Ran Juma'a na kai Basira gaida kakanta.
A tsaye ta miƙa hannu, ta ce bonjur,
ɗaya hannun yana kan hanci.
Tsoho ya dube ta, ya dube ni:
"Wannan bakin na wane gida ne?"
Na rasa yaren da zan amsa da shi.

Can ta tsinci wani abu a gindin bango,
ta kaɗa a kunne, ya yi ƙara.
"Papa, yaya sunansa?"
Na buɗe baki, na laluba duk kayen da na cika,
babu shi a ciki.

Tsoho ya ce, "Bagaruwa."
Ta faɗa, ta karkace.
Ya sake, a hankali, kamar mai lallashin fata ɗanya.
Ta sake. Ya ce saura kaɗan.
Sai ya shiga gaya mata inda take tsirowa,
da watan da ake kaɗo ta, da yadda ake daka.

Ina tsaye da makullin mota a hannu.
Shekara arba'in ina ɗansa,
ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba.