Masu Zuwa Ran Asabar

Daren Laraba na buɗe littafin nan mai tabon manja.
Walima a gidan Ɗangaladima, baki ɗari huɗu,
ni kuwa hannuna biyu ne, ɗaya ma sanyi ya kama shi.

Na kira Sahura, tana karatu a Aliero,
ta ce jarrabawa sai Litinin, za ta zo da ƙawarta.
Na kira Bagudu mai sauke albasa a tasha,
waya a kashe, sai da na tura yaro har tsakiyar kasuwar Jega.
Inna Tabawa ba ta da waya.
Ita hayaƙi take hangowa ta ɗauro zani.

Ba na tambayar kowa takarda.
Sabon zuwa, albasa nake miƙa masa da wuƙa,
in koma gefe ina kallon ɓawon da yake zubarwa.
Wanda ya fere rabinta ya watsar
haka zai yi mini da nama.

Shekarar da suka gudu suka bar ni
da tukwane goma sha ɗaya, ga ladan na kiran magariba,
ita ta koya mini:
mai rabon abinci da yunwa, hannunsa rawa yake yi.
Yanzu kafin faranti ɗaya ya fita ƙofa
nasu ne na fari, tsoka biyu biyu, a zauna a ci.
Kuɗinsu kuma a kan tabarma tun gumi bai bushe ba,
babu "ku dawo gobe", babu "Alhaji bai sallame ni ba".
In uwar biki ta yaba miya
sai in ce ba ni ba ce,
Tabawa, taso a gan ki.

Da aka watse, Sahura ta tsaya tana murza bakin mayafi.
Wai ta samu aikin suna a Maiyama,
baki sittin, nata na kanta,
ko zan ara mata babbar tukunya?
Wani abu ya tokare mini wuya kamar ƙayar kifi.
Na ba ta, har da ludayin.
Na ce amma kar ki taɓa mini Bagudu.
Ta sunkuyar da kai tana murmushi,
na gane ta riga ta kira shi.

To littafi, juya shafi.
Wata Asabar na tafe,
ga buhun shinkafa jingine da bango
yana kallona.