Makulli Biyu

A ofishinmu da ke kallon tashar jiragen ruwan Valparaíso,
inda ƙugiyoyi ke ɗaga kwantena tun gari bai waye ba,
ni ke riƙe da babban makulli.
Ba na ƙarfe ba ne, ba ya ƙara a aljihu.
Haruffa ne ashirin da biyu da ko mijina bai sani ba.
Da shi nakan shiga kwamfutar kowa,
in dasa, in tumɓuke,
in ce wa manhaja zauna, ta zauna.

Ranar da tsoho Anselmo zai ajiye aiki
ya miƙo min shi kamar mai miƙa garwashi a murfin tukunya.
Ya ce, "Eloísa, asusu biyu za ki buɗe.
Ƙaramin ki yi yawo da shi, ki karanta saƙo, ki duba farashin takalmi.
Babban ki bar shi a kube.
In aiki ya kira shi, ki zare, ki yanka, ki mayar."
Na ce to, ina dariya a ciki.
Shekaruna ashirin da bakwai,
yatsuna sun fi tunanina gudu.

Wata Alhamis ce a watan Yuli, ruwan sanyi na dukan gilashi,
kofi na uku ya huce a gefen allo.
Tun yamma na shiga da babban, na ƙi fita,
don fita da komowa sai an sake buga haruffan nan duka,
ni kuwa na gaji.
Taga biyu a buɗe, kamar an tsaga kara:
ɗaya ta gwaji, ɗaya ta uwar garke.
Na rubuta umarnin sharewa.
Allo ya tambaya, kin tabbata?
Ban karanta ba. Wa ke karantawa?

Da ƙaramin ne, da ya ce min ba ki da izini,
in ja tsaki, in farga.
Babban ba ya musu.
Bara ne mai mugun ladabi:
ka ce ya ƙona rumbu, da gudu zai nemo ashana.

Takardun jirage huɗu,
lissafin kwantena ɗari uku na lemo,
suka tafi, ko hayaƙi babu.

Ƙarfe ɗayan dare na kira Anselmo.
Bai ce ai na faɗa miki ba.
Tari ya yi, ya ce, "Ajiyar daren jiya tana nan?"
Tana nan. Shi ya kafa ta, ni na sha cewa cin wuri take.
Ba a fafe gora ranar tafiya,
ashe tuni wani ya fafe min nawa.
Muka kwana muna mayarwa, shi a waya, ni a zaune a ƙasa.
Aikin yini ɗaya ne bai dawo ba.
Ximena ta sake shigar da shi da hannu, layi bayan layi,
ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwata.

Jiya Baltasar na sashen kuɗi ya leƙo:
"Minti biyar kawai ki ara min, wata 'yar manhaja ce, kyauta ake ba da ita."
Na hana.
Mai kamfani ma ya taɓa tambayata,
"Wai wurin nan nawa ne ko naki?"
Na ce naka ne, shi ya sa.
Na bi shi ofis, na duba abin, na saka masa da hannuna,
na fita, na rufe, na rubuta a rajista.
Na san sunan da suke kirana da shi a ɗakin shan shayi.

In zan tashi da dare
nakan kalli kusurwar allo in ga da wane suna nake zaune.
Ƙaramin.
Sai in kashe fitila.
A can ƙasa ana ta loda lemo,
kowace kwantena da lambarta.