Ƙidaya a Tudun Valparaíso

A asibitin unguwa suka ba ni takarda da biro,
suka ce: hau tudu, ki tambayi tsofaffi
sau nawa suka faɗi bana.
Gurbin amsar bai fi ƙwayar wake ba.

Matakala ɗari da sittin da biyu
daga bakin teku zuwa ƙofar Doña Eufemia.
A ta tamanin numfashina ya ƙare.
Ita shekara hamsin tana hawansu,
kifi a jaka, burodi a hammata.

"Ni? Ban taɓa faɗuwa ba."
Da hagu ta zuba mini shayi.
Daman tana ɓoye cikin rigar sanyi,
wuyan hannun ya kumbura, ya yi launin ɗinya.
Na dubi hannun, ta dubi taga.
"Zama na yi, 'yata. Na dai zauna da sauri.
Ƙasa ce ta taso ta tarye ni,
kin san ƙasarmu, ba ta iya zama wuri ɗaya ba."

Na rubuta sifiri.
Na naɗe ƙaramar dardumar bakin kicin
na tura ta bayan kujera.
Kafin in kai ƙofa ta mayar da ita.
Ta mijinta ce.

Don Baldomero, wanda ya tsufa yana sauke buhuna
a tashar jiragen ruwa,
ya ce sau ɗaya, kuma laifin kyanwa ne.
Matarsa Ismenia tana tsaye bayansa,
ta ɗaga yatsu huɗu,
ta mayar da su cikin tawul.

A bakin ƙofa ta faɗa mini, murya ƙasa-ƙasa:
daren Talata ne, a hanyar banɗaki, bai kunna fitila ba.
Ta ja, ta ja, ya fi ƙarfinta.
Ga waya nan a kan tebur.
Amma in ta buga, 'yarsu za ta taso daga Santiago
da mota da akwatuna,
da sunan wani gida mai tsabta a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa,
inda ba matakala, ba kyanwa,
ba teku a taga.
Sai ta jawo bargo
ta kwanta kusa da shi a kan siminti,
suka yi ta hirar wani rani da ya wuce,
har gari ya waye, yaron maƙwabta ya fito sayen burodi.

Littafinmu ya ce ɗaya cikin uku, duk shekara.
Takardata ta ce sifiri, ɗaya, sifiri, sifiri.
Ko dai tudun nan na 'yan bori ne masu tafiya kan iska,
ko kuwa ciwon gwiwa bai kai ciwon barin gida ba.

Gida goma sha ɗaya na shiga ranar.
Na ga sanda rataye a ƙusa, sabuwa, ba ta taɓa ƙasa ba.
Na ga tabarau ɗaure da zare.
Na ga yadda suke tafiya a ɗakunansu,
hannu daga tebur zuwa bango, daga bango zuwa firji,
kamar masu gaisawa da dangi.

Da yamma yayyafi ya sauko daga teku.
Ina gangarowa, ina lissafi a ka,
a matakala ta casa'in da wani abu
takalmina ya yi gabas, ni na yi yamma.
Takardu suka watse. Biro ya ci gaba da sauka shi kaɗai,
ina jin ƙararsa, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Shekarata hamsin da takwas.
Abin da na fara yi, kafin in taɓa ƙuguna,
waige ne, ko wani ya gani.

Can sama taga ta buɗe.
Doña Eufemia ta leƙo, hannun nan a ƙirjinta.
Ba ta yi dariya ba.
"Sannu," in ji ta. "Kin zauna ne?"