Lissafin Tsohon Direba

Ramlatu ta tashi jiya da la'asar.
Na tsaya bakin shingen filin jirgi
har ƙarar ta mutu a kunnena,
sannan na tuna ban ba ta goron hanya ba.
Yana nan a aljihu, ya fara yaushi.

Ɗayyabu ya latsa waya ya ce,
"Kaka, daga Injamena zuwa Gwanzu
kilomita dubu goma ne da ɗoriya."
Na ce, yaro, kilomita ba ta taɓa gaya mini komai ba.
Shekara talatin da ɗaya ina bayan sitiyari,
da taya nake awon hanya,
da jarkar mai, da kwanan daji,
da yawan jandarman da za su ce a kwance tamfol.
Daga gadar Ngeli zuwa Ngaundere
na taɓa yin kwana tara da damina,
uku daga ciki a Waza, taɓo ya haɗiye taya,
muna cin busasshen kifi da garin rogo,
sauro na cin mu.

To ita wannan hanya, ina zangonta?
Ina mai shayin da ya san sunanka,
ya san ba ka son madara?
Ina garin da za ka ce, in na kai can na yi rabi?
Ya ce a Adis za su sake jirgi,
daga nan awa goma babu tsayawa,
teku a ƙasa, duhu a taga.
Awa goma!
Ko raƙumi yana durƙusawa.

Na kwana ina lissafi kan tabarma.
Da tsohuwar Barliyena ce,
wata biyu zan yi, in ba a rufe iyaka ba,
in gaisa da kowane gari da hon,
in isa da tsatsa, da bashi, da labari.
Ita za ta isa da kumburin ƙafa kawai.

Da hantsi wayar ta yi ƙara.
"Baba, na sauka. Nan har la'asar ta yi."
Ni ko walaha ban yi ba.
Na ce, wa ya karɓe miki awa bakwai a hanya?
Ta yi dariya, ta ce ajiya ce,
ranar dawowa za a mayar mata.
Ban taɓa ganin shingen da ke mayar da abin da ya karɓa ba,
amma na yi shiru.

Sai ta ce, "Ka san wani abu?
A nan gabas tana yamma."
Layi ya yanke.

Na daɗe zaune da wayar a hannu.
Ashe in na ta da kabbara a nan bakin Shari,
ita ma ta ta da a can,
fuska da fuska muke,
Makka ce kawai a tsakani.

Na ɓare goron. Na ci rabi,
na naɗe rabin a jiƙaƙƙen algarara.