Baba Filaye

A masaƙar Bompai muka san shi.
Sunansa Pillai, harshenmu ya ƙi ɗauka,
sai muka ce Baba Filaye.
Ran da na fassara masa ya yi dariya,
irin dariyar da ke tsayawa a rabin hanya.

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa shi,
Bompai zuwa Kwari, Kwari zuwa banki.
Wata Laraba cunkoso ya riƙe mu a Fagge,
ya ce, cikin Hausarsa mai ɗingishi:
"Mato, mu jinin masu ƙasa ne,
Belala ake ce mana a can.
Shinkafa tun daga bakin kogi
har inda ido zai gaji ya dawo.
Kakana bai taɓa riƙe lauje ba,
amma ba a sakin ruwa sai ya ɗaga yatsa.
A ɗakin bauta shi ake fara miƙa wa fure.
Masu dashen kuwa, bayan gida suke tsayawa,
a tsiyaya musu ruwa a tafin hannu
kada leɓensu ya taɓa moɗa."

Na danna oda, ba don kowa ba.

Ban ce masa kakana Nasamu
a gandun wani ya tsufa ba,
yana cika rumbun da ba shi da ikon leƙawa.
Ban ce har yau in aka tambayi asali
a zauren neman aure,
kawuna yakan duƙa yana gyara takalmi ba.

Sai masaƙa ta mutu.
Injuna suka tafi Ƙofar Ruwa a kan awo,
kamar shanun da fari ya kayar.
A can ma, in ji shi, gado ya zama shari'a,
lauyoyi suka girbe abin da ba su shuka ba,
ragowar kuma jikan wani mai dashe,
da ya yi shekara tara yana walda a Dubai,
ya dawo ya saye, kuɗi hannu.

Ya rage masa suna,
da wani ɗan itacen miya a bokitin fenti,
yana juya shi kullum ya bi rana.

Ni kuwa adashi ya ba ni fegi a bayan Gunduwawa,
hamsin da hamsin, takarda da sunana.
Bara ya ce in kai shi ya gani.
Tsoho ya tsuguna da farin zanensa,
ya damƙi ƙasa, ya sunsuna,
ya ɗora ƙwaya ɗaya a kan harshe.
"Tana son taki," ya ce, "amma ba ta da mugunta."
Ya roƙi cikin leda guda saboda bokitinsa.
Na cika masa biyu.

Rana ta take, na ɗebo ruwa a randar maƙwabta,
na miƙa masa moɗa hannu da hannu.
Ya karɓa, ya ɗaga ta sama da fuska,
ya tsiyaya daga nesa, yadda ya saba,
leɓensa bai taɓa bakinta ba.

Ko tsaftar gidansu ce, ko kakansa ne ya motsa,
ban tambaya ba.
Na karɓi moɗar, na shanye sauran,
muka koma mota.
Ledojin suna bisa cinyarsa har Bompai.