Makulli Na Bakwai

Ni ne mai gadin lise ta Pitowa.
Makullai bakwai ne a ƙuguna,
shida suna aiki kullum,
na bakwai ya yi tsatsa, na ɗakin gwaji ne.

Mushe Ndzana ya zo daga kudu da akwati biyu,
ya sa hannu a takardar kama aiki,
ya ɗanɗani zafin bazara sau ɗaya,
sai ya ce zai je Yawunde bin albashinsa.
Damina uku ke nan.
Farar rigarsa na nan rataye a ƙusa,
zanzaro ya yi gini a aljihunta.

Yanzu Malam Hamajoda mai koyar da tarihi
shi ke riƙe da ajin kimiyya ran Laraba.
Iyaye ke haɗa masa kuɗin mai
in an sayar da auduga.
Yakan zana madubin ganin ƙwayoyin cuta da alli,
yara ɗari da goma su kwafa,
su haddace sunan abin da ba su taɓa leƙawa ba.
Ban ga laifinsa ba.
Rashin uwa ke sa a yi uwar ɗaki.

Jiya bayan an tashi
Astajam ta same ni a gindin dalbejiya
da kofi uku na zoɓo daga tallan innarta.
Ta matsa lemon tsami a na farko,
ya ƙara ja kamar garwashi.
Ta jefa kanwa a na biyu,
ya juye, ya yi duhu, ya koma kore-kore.
Na ukun ta bar shi yadda yake, wai shi ne shaida.
Ta ce, “Baba Sanda, me ya sa?”

Na dubi Dutsen Tingilin, bai tanka ba.
Na ce, “Ikon Allah.”
Ta ce, “Na sani. Amma ta wace hanya?”

Da magariba na ɗiga man keke a kwaɗon,
ya yi gardama, ya buɗe.
Kwalabe jere kamar masu jiran liman,
ma’auni ya karkata, ba kowa a kansa sai gizo-gizo.
Na goge su ɗaya-ɗaya da bakin rigata,
ban san sunan ko guda ba.

Na ajiye kofunan yarinyar a kan tebur.
Amsarta na cikin ɗakin nan, na tabbata.
Sai dai makullina
ƙofa kaɗai ya iya buɗewa.