Kibiya Biyu a Tafin Hannu

Na haddace dokokin motsi, duka ukun,
amma da tambaya ta zo, alƙalami ya yi turjiya.

Ɗan'ige mai fotokofi a Dundaye
ya zaro mini tambayoyin bara da na bara waccan.
Tawada ta cinye rabin shafi na huɗu.
Ɗari uku. Na biya.

Littafin laburare kuwa,
wani ya yage amsoshin baya.

Da la'asar, kan gadar Kwalkwalawa,
na hango mai kwalekwale zai ƙetare,
ruwa na jan shi yamma,
shi yana karkata baki gabas.
Ban san sanda na zana kibiya biyu
a tafin hannuna ba.

Lissafin bai fita ba.
Na lashi yatsa, na goge,
na sake.